Lasifikar Kurame a Kunnen Mawaƙa: Yadda Aka Soma Haɗa Iyafis da Hannu

Duk wanda ya saba kallon manyan mawaƙan duniya a dandamali zai lura da wani ɗan abu da ke cike ramin kunnuwansu, da siririyar waya da ta zagaya ta bayan kunne ta shige cikin riga. Iyafis ne, sai dai ya sha bamban da wanda ake sayowa tare da wayar hannu. Zuba shi aka yi daidai da siffar kunnen mai shi, ba ya zama a kunnen kowa sai nasa, kuma ayyukansa biyu ne: ya toshe hargowar filin wasa, sa'an nan ya kawo wa mawaƙi muryarsa da kiɗan abokansa gwargwadon buƙatarsa. Kamfanoni kan sayar da irinsa daga wajen dala 400 har sama da dala 2,000.

A 'yan shekarun nan an sami jama'a a Amurka da Turai da ƙasashen gabashin Asiya waɗanda ke haɗa wannan na'ura a ɗakunansu, da ƙarfen narka dalma da fitilar busar da jan farce da 'yan lasifiku masu girman ƙwayar wake. Wanda ya gan su zai ɗauka kwaikwayon masana'anta suke yi don gudun tsada. Tarihin na'urar ya nuna cewa su ne suka fi kusa da asalinta. Kusan kowane mataki da ta taka, mutum ɗaya ne da matsala ta dama ya zauna ya harhaɗa kayan da aka ƙera don wata manufa dabam, masana'anta ta biyo sawunsa daga baya.

Wasiƙa da tawada shuɗiya-ja

Tunanin cusa lasifika a kunne ya girmi rediyo. A 1891 wani injiniya Bafaranshe, Ernest Mercadier, ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira a Amurka kan wasu ƙananan kawunan tarho guda biyu da ake maƙalawa a kunnuwa, domin ma'aikacin tarho ya sami hannuwansa ya yi rubutu. Har ya ba da shawarar a lulluɓe bakinsu da roba don kada su goge fata, kuma su tare ƙarar waje. Wannan shawara ita ce ginshiƙin iyafis ɗin mawaƙa har yau, amma a zamaninsa ba ta sami kasuwa ba.

Wanda ya sami kasuwa shi ne Nathaniel Baldwin, mutumin jihar Utah, wanda ya karanta ilmin lantarki a Jami'ar Stanford ya koma gida yana aiki a tashar wuta. A 1910 ya haɗa hedifon a teburin ɗakin girkinsa, ya aika wa rundunar sojan ruwan Amurka da samfuri tare da wasiƙa da ya rubuta da tawada mai launin shunayya a kan takarda mai launi. Da farko ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Da suka gwada sai suka tarar ya fi duk abin da masu karɓar saƙon rediyonsu ke amfani da shi jin ƙaramin sauti. Suka nemi guda 100, shi kuwa goma-goma kaɗai yake iya kawowa, domin masana'antar tasa ba ta wuce teburin nan ba.

Sirrin hedifon Baldwin yana cikin yadda yake motsa iska. A lasifikar da aka saba gani, naɗin waya ne ke manne da tantani, su yi ta kai da komo tare. A irin ta Baldwin naɗin wayar a tsaye yake, abin da ke motsi wani ɗan harshen ƙarfe ne da aka rataye daidai tsakiyar maganaɗisu biyu, kowanne na jan sa, babu wanda ya rinjayi wani. Da zarar wuta ta ratsa naɗin, sai harshen ya karkata sama ko ƙasa, wani ɗan tsinke da ke haɗe da shi ya tura tantani, sauti ya fito. Tun da abin da ke motsin ba shi da nauyi, wuta kaɗan ta ishe shi. Wannan siffa ce ta sa bayan shekaru arba'in lasifika mai harshen ƙarfe ta sami gida a wurin da Baldwin bai taɓa nufa ba.

Kamfanin da bai yi niyyar kiɗa ba

An ƙirƙiro taransista a 1947, kuma ɗaya daga cikin kayan farko da aka fitar kasuwa da ita shi ne na'urar taimaka wa ji ta Sonotone a ƙarshen 1952. Kafin nan mai raunin ji yakan rataya akwati a ƙirji, da batir mai nauyi. Taransista ta rage girman akwatin, amma makirfo da lasifika suka tsaya da girmansu. Hugh Knowles, injiniyan sauti da ya kafa kamfaninsa kusa da Chicago a 1946, shi ya duƙufa kan wannan cikas, kuma a tsakiyar shekarun 1950 kamfanin ya soma fitar da ƙananan makirfo da lasifiku masu harshen ƙarfe. Shekara bayan shekara suna ƙanƙancewa, har na'urar ji ta tashi daga ƙirji ta koma bayan kunne, daga nan ta shige cikinsa.

Na'urar da za ta zauna a cikin kunne tana buƙatar mazauni, saboda haka wata sana'a ta bunƙasa a gefe, ta masu ɗaukar siffar kunne su zuba ƙoƙon roba daidai da ita. Westone, wanda iyalin Morgan suka kafa a jihar Colorado a 1959, yana cikin ɗakunan aikin da suka shahara da wannan. Ke nan kafin shekarun 1970 kayan iyafis ɗin mawaƙa duk suna nan: 'yar lasifika, ƙoƙon da ke cike kunne, siririn bututu mai kai sauti, har da 'yar matatar da ake cusawa a bututun don ta lafar da kaifin amo. Dukkansu don tsofaffi da masu raunin ji aka yi su, kuma don magana aka daidaita su, ba a damu da kaurin ganga ko sirantar kuge ba. Babu wanda ya ga dalilin haɗa su da kiɗa, sai da dandamali ya zama wurin da mawaƙi ba ya jin kansa.

Fili mai mutum 55,600

Ranar 15 ga Agusta 1965 ƙungiyar Beatles ta yi wasa a filin Shea da ke New York gaban mutum 55,600. Amfilifayarsu mai wat 100 ba ta iya keta ihun 'yan kallo ba. Makaɗin gangunansu, Ringo Starr, ya sha faɗin cewa motsin jikin abokansa yake kallo daga baya don ya san inda waƙa ta kai. Shekara guda bayan haka suka daina yawon wasa baki ɗaya, kuma rashin jin kansu na cikin dalilan da suka bayar.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne jera lasifiku a ƙasan dandamali suna fuskantar mawaƙa. Ya yi amfani, amma ya haifi wata cuta. Mai jita ya ce a ƙara masa, ƙarar tasa ta danne ta mai waƙa, shi ma ya ce a ƙara, makirfo ya kwashi sautin lasifika ya mayar mata, kuwwa ta tashi. Kowa na neman ya fi ƙarfin maƙwabcinsa, dandamali ya kai matakin da ke cin kunne. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi. A desibel 100 minti goma sha biyar ne ya rage, alhali mawaƙan rok kan shafe awa biyu a ƙarar da ta wuce haka, dare bayan dare. Pete Townshend na ƙungiyar The Who yana cikin waɗanda suka fito fili suka ce kunnuwansu sun lalace.

Masu haɗawa a bayan fage

Ba kamfanonin lasifika ne suka kawo mafita ba. Stephen Ambrose, ɗan Amurka, ya soma cusa ƙananan lasifiku a abin toshe kunne tun yana matashi a 1965, daga baya ya yi wa mawaƙa irin su Stevie Wonder. Marty Garcia, wani injiniyan sauti daga Pennsylvania, ya yi ta gwaji a farkon shekarun 1980, kuma a 1985 mawaƙi Todd Rundgren ya fita yawon wasa da iyafis ɗinsa babu lasifikar ƙasa ko ɗaya. Kamfanin Garcia, Future Sonics, shi ya sanya wa ƙungiyar Grateful Dead nasu a 1992.

Ta ɓangaren masu ilmin ji kuma akwai Mead Killion, wanda ya shafe sama da shekara ashirin yana aiki a ƙarƙashin Knowles kafin ya kafa Etymotic Research a 1983. Iyafis ɗinsa na farko don gwajin ji a asibiti aka yi su. A 1991 ya fitar da ER-4, mai lasifikar harshen ƙarfe guda ɗaya, wanda ya tabbatar wa masu sauraro cewa kayan na'urar ji na iya ɗaukar kiɗa da tsabta idan an san yadda za a sarrafa bututu da matata.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na Jerry Harvey. A 1995 shi ne mai kula da sautin dandamali na ƙungiyar Van Halen, makaɗin gangunanta kuwa, Alex Van Halen, jinsa ya riga ya ragu, kuma ya ƙi amincewa da duk iyafis ɗin da aka kawo masa. Harvey ya gane cewa lasifika ɗaya tilo ake ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta. Sai ya aro dabarar manyan lasifikun fili: ya sa guda biyu a ƙoƙo ɗaya, ɗaya ta ɗauki amo mai kauri, ɗaya ta ɗauki siriri, da 'yar da'irar lantarki mai raba musu aiki. Alex ya gamsu. Ƙungiyar Skid Row da ke buɗe musu wasa ta ba da dala 3,000 aka yi mata guda shida. Daga cikin motar yawon wasa Harvey da matarsa ta lokacin, Mindy, suka soma kamfanin Ultimate Ears, Westone na zuba musu ƙoƙo. Da iPod ya fito a 2001 masu sauraro na gida suka shigo layi, kuma a 2008 Logitech ya sayi kamfanin a kan dala miliyan 34.

Abin lura shi ne Harvey bai ƙera lasifika ba, Garcia da Ambrose ma haka. Zaɓe da jeri da daidaitawa su ne sana'arsu. Har yau yawancin kamfanonin da ke sayar da iyafis mai tsada a wurin Knowles ko Sonion na ƙasar Denmark suke sayen lasifikunsu. Da wannan magana ta bazu, sai tambaya ta taso da kanta: in haɗawa ce kawai, me zai hana mutum ya haɗa nasa?

Makullai uku

Abu uku suka hana, kuma ɗaya bayan ɗaya suka buɗe tsakanin ƙarshen shekarun 2000 da shekarun 2010.

Na farko samun lasifika. A da, sai kamfani mai sayen dubbai ake sayar wa. Da dillalan kayan lantarki irin su Mouser da Digi-Key suka sa lasifikun Knowles a shafukansu ɗai-ɗai, kowacce a kan 'yan gomiyoyin daloli, sai lambobinsu suka zama sanannu a bakin masu sha'awa: CI-22955 don kauri, TWFK-30017 mai tagwayen lasifiku don siriri, ED-29689 mai ɗaukar tsakiya. Daga bisani kasuwannin intanet na ƙasar Sin, Taobao da AliExpress, suka cika da lasifiku da bututu da soket da ƙoƙon da aka riga aka zuba. Kamfanonin Sin suka shiga ƙera nasu lasifikun masu harshen ƙarfe da araha, har ta kai a 2019 Knowles ya kai ƙarar Bellsing na Shenzhen bisa zargin satar sirrin sana'a.

Na biyu ƙoƙo, kuma nan ne aikin hannu ya fi yawa. Tsarin da ake bi a gida shi ne wanda ɗakunan aikin na'urar ji suka yi shekaru suna bi. Masanin ji yakan tura ɗan toshiyar soso cikin ramin kunne har ta wuce lanƙwasa ta biyu, ya ɗura silikon mai laushi, mai kunnen na cije da wani ɗan katako ko roba, domin buɗe baki na sauya faɗin ramin kuma mawaƙi da baki buɗe yake aiki. Bayan 'yan mintoci silikon ya daskare a zaro shi. Mai haɗawa ya datse shi ya goge, ya tsoma a narkakken kaki don ya yi sumul ya ɗan ƙara kauri, sa'an nan ya nutsa shi a wani ruwa mai haske da ke daskarewa kamar kamu. In ya zare, rami ya rage mai siffar kunnen. A ramin nan yake zuba ruwan roba da hasken ultrabayolet ke daskararwa, ya rufe samansa da baƙin murfi, ya sa a fitila na ɗan lokaci. Hasken yana shiga ta gefe ne kawai, don haka bangon ke daskarewa, tsakiya ta tsaya ruwa. Ya tsiyaye ruwan, ƙoƙo ya fito. In ya daɗe a fitila bango ya yi kauri lasifiku su rasa wurin zama, in ya yi hanzari ya fashe a hannu. Ruwan robar da aka fi amincewa da shi na kamfanonin Jamus ne masu yi wa na'urar ji, irin su Dreve, fitilar kuwa ta masu gyaran farce ta wadatar.

Abin mamaki, a daidai lokacin da wannan sana'a ke shiga gidaje, masana'antar da ta haife ta tana barin ta. Daga wajen shekarar 2000 kamfanonin na'urar ji irin su Phonak da Widex suka koma ɗaukar hoton siffar kunne da kwamfuta suna buga ƙoƙo da injin ɗab'i mai fitar da abu da jikinsa, kuma cikin 'yan shekaru kusan duk masana'antar ta bi. Zubin hannu ya fi samun magada a teburan masu sha'awa.

Makulli na uku shi ne awo. Kunne a buɗe yana da nasa daɗin amo: ramin, mai tsawon kusan santimita biyu da rabi, tare da faifan kunne, kan ƙarfafa sautin da ke kaɗawa wajen sau 3,000 a daƙiƙa. In an toshe ramin wannan ƙari ya ɓace, dole iyafis ya mayar da shi, in ba haka ba murya ta fito kamar daga cikin tulu. In kuma ya zarce, ta yi tsini ta gajiyar da mai ji. Ana daidaita wannan da tsawon bututu da faɗinsa, da kafasita da rezista, da matatun Knowles da ake ganewa da launi: fara 680, ruwan ƙasa 1,000, koriya 1,500, ja 2,200, kowacce da gwargwadon yadda take tauye iska. Bambancin milimita biyu a bututu na iya sauya sautin, kuma dole kunnen hagu ya yi daidai da na dama. Kunnen mutum ba ya iya wannan hukunci shi kaɗai, domin yana sabawa da kuskure cikin mintoci. Tun 1981 akwai ma'aunin duniya, IEC 711, wato kunnen ƙarfe mai makirfo a ciki da ke kwaikwayon na mutum, amma na asali daga kamfanonin Denmark dubban daloli ne. Da masana'antun Sin suka soma sayar da kwafinsa a kan wajen dala 100, ga manhajojin awo na kyauta, sai mai haɗawa a gida ya sami ikon ganin sautinsa a zane ya kwatanta da na manyan kamfanoni.

Daga cikin waɗannan tebura wasu suka zama kamfanoni, kamar yadda motar Harvey ta zama. Vitaliy Belonozhko, injiniyan sauti a arewa maso yammacin Amurka, daga haɗa nasa ya kafa 1964 Ears a 2010, wanda yanzu ake kira 64 Audio. Moondrop na birnin Chengdu ma wasu masu sha'awa ne suka soma shi a 2015. Gasar da irin waɗannan suka kawo ta karya farashi, har ya zama iyafis na dala 20 yau na iya bin zanen sautin da a da sai an kashe ɗaruruwa. Wannan ya rage wa mai haɗawa a gida hujjar araha, ya bar masa ta dacewa da kunnensa da kuma sautin da shi ya zaɓa.

Iyakar teburin gida

Abu biyu ne har yanzu ba sa haɗuwa a gida. Na farko ita kanta lasifikar, domin tazarar da ke tsakanin harshen ƙarfe da maganaɗisu ta yi ƙanƙantar da sai a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake jera ta a masana'anta. Na biyu kunnen da za a sa wa.

A cikin kunnen ciki akwai ƙwayoyin gashi kimanin 15,000 masu mayar da motsin sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ƙoƙon da ya zauna daidai yakan rage ƙarar waje da wajen desibel 25, wanda ke ba mawaƙi damar sauraro a hankali ya tsira da jinsa. Amma lasifika mai harshen ƙarfe, saboda ba ta cin wuta, tana iya wuce desibel 110 da abin da wayar hannu ke bayarwa, kuma tana zaune ne dab da dodon kunne. Waya ɗaya da aka liƙa ba daidai ba, ko kuwwar makirfo da ta shigo babu na'urar da ke taƙaita ta, na iya yin ɓarnar da shekarun dandamali ba su yi ba. Mawaƙin da ke zare ɗaya ya bar ɗaya yakan ƙara wa wanda ya rage ƙara ba tare da ya sani ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne a matakin ɗaukar siffa musamman: likitocin kunne sun sha cire silikon da ya wuce toshiya ya kai dodon kunne, wani lokaci sai da tiyata, shi ya sa ko ƙwararrun masu haɗawa kan biya masanin ji ya yi musu wannan mataki. Ruwan robar da bai gama daskarewa ba kuma yana jawo ƙaiƙayi da borin fata da kan zauna wa mutum har abada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, kuma shawararta ga baligi ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Wasu daga cikin mawaƙan da suka sa wannan na'ura sun zo mata ne bayan ɓarna ta riga ta auku. A 2016 likitoci suka gargaɗi Brian Johnson, mawaƙin AC/DC, cewa in ya ci gaba da yawon wasa zai kurmance gaba ɗaya, ya ajiye makirfo a tsakiyar zagaye. Wanda ya neme shi da tayin taimako shi ne Stephen Ambrose, mai shekara hamsin yana gwaji da abin toshe kunne. Suka shafe shekaru suna gyara wata sabuwar na'ura, Johnson ya koma ƙungiyar a kundinta na 2020, kuma a 2023 ya sake hawa dandamali tare da ita a California.